Sifilin da Muka Goge

Sallama gare ku, tsofaffin masu bibiyata da wanda yau ne ya fara leƙowa. Masu cika min akwatin saƙo da "Mufida ina labarin ango?" na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce ko sace min waya aka yi. Ba a sace ba. Shiru na yi don ban san ta inda zan fara ba. Yau zan faɗa muku, amma sai kun jure min ɗan bayanin aiki, don ba za ku gane abin da ya shiga tsakanina da Tawfiq ba in ba ku san Rumbu ba.

Ga sababbin zuwa: ni ce auta a gidanmu da ke Kubwa, shekarata ashirin da bakwai, kuma a ganin Mama na makara da shekara biyar. Abba yana aiki a ma'aikatar gona ta tarayya, saura kaɗan ya yi ritaya. Ni kuma manhajar kwamfuta nake rubutawa a wani ƙaramin kamfani a Utako, hawa na biyu, saman shagon masu labule. In ƙawayen Mama suka tambaye ta aikina, cewa take, "Danne-danne take yi daga safe har yamma."

Rumbu kuwa ba na ofis ba ne. Wani ɗan laburaren manhaja ne na kowa da kowa, masu irin aikina suna ɗaukarsa kyauta su saka a cikin nasu aikin. Abu ɗaya ya iya: ka ba shi bayani, ya nannaɗe ya ajiye a fayil, ranar da aka nema ya warware ya miƙo yadda aka ba shi. Duk mai so zai iya karanta yadda aka rubuta shi a intanet, kuma zai iya turo gyara. Sai dai gyara ba ya shiga sai ɗaya daga cikin masu kula ya duba ya sa hannu. Masu kular mu biyu ne, ni da Oga Enoch, mutumin Kwali da ya fara rubuta shi tun ina jami'a, mai furfura a gemu da baƙin takalmi sau-ciki guda ɗaya tun da na san shi.

Ta nan Tawfiq ya shigo rayuwata, bara. Gyara ya turo, na mayar masa na ce ya sake. Ya sake, na kuma mayar masa. A karo na uku ya rubuto, "Hajiya, a gidanku ma haka ake wahalar da baƙo?" Daga nan aka koma waya, daga waya aka koma ƙofar gida. Dogo ne, baƙi, mai son shadda ruwan toka, kuma yana da kai, wannan ko maƙiyinsa zai ba shi. Ina son sa. Na faɗa tun yanzu don kada wata ta kai ƙarshe ta ce dama can ba na son sa.

An tsayar da Asabar ɗin da ta wuce kawunnansa za su zo gaisuwa wurin Abba. Tun saura kwana goma gidanmu ya koma kamar ana shirin sallah. Mama ta sa an canza labulen falo, ta sauko da kwanukan tangaran ɗin da tun ina firamare ban taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba, ta kai min wani leshi ruwan zuma ɗinki. Na ce mata maza ne fa za su zo, ba wanda zai gan ni.

Ta ce, "Ke kin san idon kawunnai? Giftawa kawai za ki yi, sun gama ƙare miki kallo. Je ki gwada min rigar."

To, ga inda na ɓata rawata. Sati uku kafin nan Tawfiq ya turo wani gyara. A Rumbu kowane bayani yana da gurbinsa, kamar fom ɗin asibiti: suna, unguwa, shekaru, da sauransu. Ya lura fayilolin suna da nauyi, kuma a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, sauke su a waya aiki ne. Sai ya kawo dabara: duk gurbin da sifili ne a cikinsa a daina rubuta shi, in an zo karantawa sabuwar sigar Rumbu ta mayar da sifilin da kanta. Nauyin fayil ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Da na gani sai da na yi murmushi ni kaɗai, na ce wannan mutumin da shegen kai yake.

Oga Enoch yana da doka guda da ba ya wasa da ita. Duk gyaran da ya taɓa tsarin fayil, kafin ka sa hannu sai ka rubuta fayil da sabuwar siga, ka buɗe shi da tsofaffin sigogi uku, ka gani da idonka. Dalilinsa shi ne mutane ba sa sabunta manhaja rana ɗaya, wani yana kan ta bara, wani ta bara waccan. Gwajin minti arba'in yake ci. Ranar ina buɗe gyaran ke nan Tawfiq ya kira ya ce in leƙo ta taga. Na leƙa, ga shi jingine da mota da ledar kilishi a hannu, yana washe baki. Ta cikin wayar ya ce, "Kawu ya amince, an sa ranar gaisuwa." Na dawo kujera zuciyata fari ƙal. Na ga gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta duk sun nuna kore, na danna amincewa, na ja mayafina na sauka. Minti arba'in ɗin a cikin mota na cinye su da kilishi.

Ranar Talata, saura kwana huɗu gaisuwa, Oga Enoch ya kira ni da hantsi.

"Mufida, kana ofis?"

"Ina ofis, Oga. Lafiya?"

"Lafiya ba lafiya ba. Wannan manhaja na rigakafi da na yi wa ƙananan asibitoci na ƙauye, wanda yake aiki da Rumbu. Sista ɗaya ta kira ni, ta ce jarirai sun ɓace."

Na ce, "Sun ɓace kamar yaya?"

"A cikin jerin suna. Manyan yara suna nan, sabon haihuwa babu. Gobe zan je na gani da ido. Ka zo mu je."

Da safe na sa atamfa mai duhu da takalmi mara tsini. Mama ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana kallona.

"Auta, kwana uku ya rage za ki tafi ƙauye ki shanya fuska a rana? So kike su zo su tarar da gawayi?"

"Mama, aiki ne."

"Aikin da kika ce na kyauta ne? Allah ya shirye ki. Ki dai tafi da lema."

Muka bi ta Gwagwalada a tsohuwar motar Oga Enoch, mai ƙara kamar injin markaɗe. Duk hanya gine-gine ake ta tayarwa, ko'ina allon sabuwar unguwa da hoton gidan da ba a fara ba. Bayan mun wuce Kwali muka sauka kan jar hanya, muna wuce mata da itace a kafaɗa, da tukwane jere a bakin hanya suna shan rana. Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, da bishiyar mangwaro, da firij mai aiki da hasken rana.

Sista Azumi gajeriya ce, za ta yi hamsin, farin kayanta sun sha wanki har sun fara komawa ruwan madara. Ko zama ba ta bari mun gama yi ba ta ɗauko kwamfutar hannunta. Ta yi min bayani: masu zagayawa gida-gida suna kai rahoton haihuwa ofishin cikin gari, kwamfutar ofis ta haɗa jeri, duk Litinin ta turo mata, ita kuma da jerin take sanin gidan da za ta bi da allurar farko.

"'Yata, ka duba da kanka," in ji ta. "Wannan wata ni da hannuna na karɓi haihuwa huɗu. Ina su? Rugar Bappayo an haihu biyu. Can bayan rafi biyar. Na san su da ka, goma sha ɗaya ne. Wannan abu ya ce babu ko ɗaya."

Na zauna a benci na jona kwamfutata na buɗe fayil ɗin. Ko minti biyar ban yi ba na gani. Akwai gurbin watannin yaro. Jaririn da bai cika wata ɗaya ba, watanninsa sifili ne. Kwamfutar ofis an sabunta ta, tana kan sabon Rumbu, don haka ta daina rubuta gurbin. Kwamfutar Sista kuwa tana kan na bara, wanda bai san da sabuwar dabara ba. In ya nemi gurbin watanni bai gani ba, sai ya ɗauka bayanin bai cika ba, ya ture yaron gefe. Duk jaririn da ya fi kowa buƙatar a je gidansu, shi muka goge.

Na nuna wurin da yatsa. Oga Enoch ya sunkuyo ya karanta ta saman kafaɗata, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya sa hannu?"

"Ni ce, Oga."

"Ka yi gwajin tsofaffi?"

"Ban yi ba."

"To," ya ce. Daga nan bai ƙara komai ba. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Na tambayi Sista halin da yaran suke ciki. Ta ɗauko wani littafin rubutu na 'yan makaranta mai bango ja ta buɗe min. Tun satin farko da ta ga abin bai yi mata ba ta rubuta sunayen da biro, ta hau acaɓa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk goma sha ɗayan sun samu allurarsu.

"Ni na daɗe a nan," ta ce. "Shekara sha tara. Ko akuya ya haihu ina ji. Amma yarinyar da aka kawo asibitin gaba wata biyu da ya wuce, bai san kowa ba tukuna. Abin da na'ura ya ce, shi za ta bi."

Muna cikin haka wata 'yar Fulani ta shigo da goyo, kwana goma sha biyu da haihuwa. Sista ta kwance jaririyar ta miƙo min ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce in riƙe mata ta wanke hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ƙullin gari. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni ta mayar ta rufe. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji a gaban babban mutum ba.

A hanyar dawowa Oga Enoch ya ce asibitoci tara da ke amfani da manhajarsa zai kira su a ranar, ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce Rumbu ba mu kaɗai ke amfani da shi ba. Mutane ɗaruruwa sun ɗauka, ba mu san su ba, ba mu san me suke ajiyewa da shi ba. Ko mun gyara, fayilolin da aka rubuta cikin sati ukun nan suna hannun mutane da giɓinsu, kuma ba wanda zai sake rubuta su sai an gaya masa. Dole a fitar da sanarwa a shafin Rumbu, inda kowa zai gani.

Sanarwar ɓarna a Rumbu tana da tsarinta, shi ma Oga Enoch ne ya kafa. Ana faɗin abin da ya lalace, da wanda ya shafa, da abin da za su yi. A ƙasa kuma akwai layi biyu, na wanda ya rubuta gyaran da na wanda ya sa hannu. Kowa da kansa yake rubuta nasa, ya faɗi abin da ya tsallake. Ba a rubuta wa mutum layinsa, ko da kuwa zai shekara a buɗe. Oga Enoch ya taɓa rubuta nasa sau biyu, suna nan har yau.

"Kai ka sa hannu, kai za ka fitar," ya ce min da muka iso Kubwa. "Ka gaya wa mutumin naka."

Alhamis da safe na mayar da tsarin fayil yadda yake a da. Na yi gwajin tsofaffin sigogi uku, na sake yi, kamar maimaitawa za ta goge ranar da ban yi ba. Sannan na tura wa Tawfiq saƙo na ce ina son ganin sa.

Bayan la'asar ya zo, cikin shadda ruwan toka da hula zanna, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Mama ta aiko mana da zoɓo mai sanyi a sabon jug da cincin a faranti, ta kuma bar ƙofar kicin a buɗe yadda ta saba. Na zauna a kujerar da ke kallonsa na faɗa masa komai.

Gaskiya ɗaya zan ba shi. Da na ce jarirai, kofin hannunsa ya ajiye.

"Innalillahi. Yaran suna lafiya?"

"Na wurin Sista Azumi suna lafiya. Sauran ban sani ba."

Ya dafe kai. "Sifili. Wallahi ko kaɗan ban kawo watanni a raina ba. Kin gyara?"

"Na gyara. Saura sanarwa."

Sai na ga ya gyara zama. "Wace sanarwa kuma? Ki fitar da gyaran kawai, Mufy. Ki rubuta ƙananan gyare-gyare. Duk wanda ya sabunta ya warke."

"Fayilolin da aka riga aka rubuta fa? Suna nan da giɓinsu. In ba a faɗa wa mutane ba, ta ina za su sani?"

Ya shiga juya makullin mota a yatsa. Daga nan ya rage murya, saboda ƙofar kicin.

"Litinin ce intabiyu ɗina na neman aiki, kin sani. Kamfanin nan na waje, shafina za su buɗe su duba aikina. Wannan gyaran na sa a saman takardata, shi suka fi yabawa. In suka shiga suka tarar da sanarwa da sunana a ƙasa, an gama. Ba cewa na yi kar a fitar ba. Ki bari zuwa Talata. Kwana biyar ne kawai, please."

"Litinin ake tura jerin rigakafi, Tawfiq."

"Oga Enoch ai ya kira nasa asibitocin. Sauran kuma zato kike yi, ba ki san ko akwai su ba." Ya kalle ni da idon nan nasa da ke kashe min jiki. "Aikin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Namu ne. Don wa nake nema?"

'Yan uwa, da zan yi muku ƙarya da na ce nan take na miƙe na ce a'a. Ban ce ba. Cewa na yi zan yi tunani. Sanarwar da ya kamata ta fita Alhamis da azahar, ni na riƙe ta har washegari saboda shi, kuma wannan ma yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kai.

Yana fita Mama ta shigo ɗaukar faranti. Kallo ɗaya ta yi min.

"Faɗa kuka yi?"

"A'a, Mama. Maganar aiki ce."

"Auta, kar ki soma min. Na gaya wa Goggonki ta Zariya, na gaya wa matan layin nan kaf." Ta zauna a hannun kujera, muryarta ta sauka. "Yaron nan yana da hankali, yana gaishe ni har ƙasa. Shekara nawa ina zuwa bikin 'ya'yan mutane ana ce min saura naki? In wani abu ne ƙarami, ki haɗiye. Kowace mace da kika gani a ɗakinta akwai abin da ta haɗiye."

Ta ba ni tausayi, don na san ba don kanta kaɗai take faɗa ba. Na ce mata to.

Juma'a na fita da wuri na hau doguwar bas ta Kubwa. Na samu gefen taga, wata mata mai kwandon ayaba ta zauna rabi a kujerarta rabi a cinyata. Har muka iso Utako ina auna abu ɗaya: in akwai ko da asibiti guda a wani wuri da sabuwar ma'aikaciya, ranar Litinin za ta buɗe jeri ta ga babu jariri, ta gode wa Allah ta zauna. Ban san ko akwai ta ba, gaskiyar Tawfiq ce. Amma ban san babu ta ba.

Ƙarfe tara saura na gama rubutawa. Na bayyana sigar da ta lalace, da ranakun, da yadda mutum zai sake rubuta fayilolinsa. A layina na sa: "Wadda ta sa hannu: Mufida. Ban yi gwajin tsofaffin sigogi ba. Na san dokar, na tsallake ta don ina sauri." Layin sama na bar shi da digo-digo, yadda ake bari.

Kafin in danna na tura masa saƙo: "Zan fitar yanzu. Ba zan iya kai wa Talata ba, ka yi haƙuri. Layinka yana nan na bar maka."

Na danna. Sannan na zauna ina kallon shafin kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Ƙarfe goma Oga Enoch ya rubuta a ƙasa, "Na gani." Sha ɗaya saura wani bawan Allah da ban taɓa jin sunansa ba ya rubuto daga wata jiha, ya ce da Rumbu suke ajiye awon yara masu tamowa, sati biyu ke nan suna neman dalilin da ya sa adadinsu ya ragu, sun gode. Na karanta na je banɗaki na wanke fuska. Duk bayan minti biyar ina sabunta shafin in ga ko layin sama ya cika. A raina har na tsara yadda zan ji in na ga sunansa, da abin da zan rubuta masa, da yadda gobe zan gifta a gaban kawunnansa cikin leshin nan kaina a sama.

Sha biyu da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara. Ga saƙon, ban canza ko harafi ba:

"Na ga sanarwar. Da farko raina ya ɓaci, amma da na karanta har ƙasa na ga ba ki sa sunana ba. Allah ya yi miki albarka Mufy. Kin rufa min asiri. Wallahi yau na ƙara tabbatarwa na yi dacen mata. Sai gobe, amaryata."

Har da hoton zuciya guda uku.

Na rubuta, "Layinka fa?"

Nan take ya amsa. "Ai naki ya wadatar, kin yi bayani mai kyau. Ba mai tonawa har can. Bayan Litinin sai mu gani."

Na karanta sau uku. Na yi zaton zan ji haushi, sai na ji wani irin shiru ya sauko min. Bai zage ni ba, bai yi fushi ba, godiya ya yi min, kuma har zuciyarsa yake yi. Abin da ya tsorata ni ke nan. Ya ga sunana ni kaɗai a ƙarƙashin laifin da muka yi mu biyu, a gaban duk wanda ya san ni a wannan sana'a, sai ya ji daɗi. A wurinsa wannan ne alamar ya samu mata. Na hango mu nan da shekara goma, duk abin da muka ɓata tare ni ce zan fita in tsaya, in dawo ya tare ni da addu'a da kalamai masu daɗi. Kuma na san halina, zan yi ta yi, don ina son sa.

Na ce wa ogan ofis kaina na ciwo, na tafi gida. Abba ya dawo daga masallacin Juma'a, yana ƙaramin falonsa cikin farar jallabiya, ya ɗora ƙafa a kan tebur yana karanta jarida. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Na yi sallama na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Uwata, yau da wuri haka?"

"Abba, magana nake so mu yi."

Ya ninke jaridar. "Ina jin ki."

"Ina so a ce wa su Tawfiq su dakata da zuwan gobe."

Bai razana ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Wani abu ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba, Abba. Kuskure muka yi a wurin aiki, ni da shi, wanda ya kusa cutar da yaran mutane. Na fita na amsa nawa a bainar jama'a, na bar masa wurin da zai amsa nasa. Bai amsa ba. Godiya ya yi min."

"Kin tambaye shi?"

"Na tambaye shi. Ya ce nawa ya wadatar."

Abba ya daɗe yana kallon tabaran da ke hannunsa. Shekara talatin da biyu yana aikin gwamnati, ban yi masa dogon bayani ba, kuma bai nema ba.

"Kin daina son sa ne?"

Nan hawayen da nake riƙewa tun safe suka zubo. "Ina son sa, Abba. Shi ya sa nake so a dakata tun ina iya faɗa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya jawo wayarsa ya ajiye a kan cinya, amma bai danna ba.

"Kawun nasa ni zan kira, wannan nawa ne," ya ce. "Amma je ki kira min mamanki tukuna. In ta zo kar ki fita. Da bakinki za ki gaya mata."

Na share fuskata da gefen mayafi, na miƙe.